Wuyan Kwalba

Ni nake yanke wa Ozell Tarpley farce
ran Laraba, a gidan tsofaffi na Belzoni.
Na dama ya ce in bar su: "Waɗannan na aiki ne."
Shekara bakwai rabonsu da tsirkiya.

Tsirkiyarsa ta fari wayar tsintsiya ce.
Ya kafa ta da ƙusa biyu a bangon katako,
yana jan kwalbar magani a kanta
har gidan duka ya ɗauki kuka.
Uwarsa ta ce kiɗan shaiɗan ne,
ta zane shi,
ta koma wanki tana bin sautin da hanci.

Da rana auduga, da dare rumfar giya,
inda kwabo ke faɗawa hula, wuƙa ke fita a duhu.
Wani mai kwat ya zo da injin ɗaukar murya:
faifai ɗaya, dala ashirin,
sunan ma da kuskure aka rubuta.
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Jita ta tafi jingina, ba ta dawo ba.
Shekara talatin da ɗaya yana bisa tarakta
a gonar wani.
Ya binne mata, ya aurar da 'ya'ya uku.

Sai ga fararen samari da tsohon faifai a hammata
suna tambaya a gidan mai: yana raye?
Yana raye. Yana facin taya.
Da haƙori huɗu a baki suka ƙetarar da shi teku.
Zaure cike, tsit kamar zaman makoki.
"Ba mai rawa, ba mai zagi," in ji shi,
"na ɗauka laifi na yi."

Rannan na kunna masa gurmin garinmu a waya.
Ya karkata kunnen da ke ji,
ya daɗe,
ya ce, "Wannan yaron wa ya koya masa?
Hannuna ne ya sace."
Na buɗe baki in ba shi tarihi,
na ga babban yatsansa na bugun bargo.
Na rufe.

Cikin aljihun tebur, tsakanin ƙwayoyin hawan jini,
akwai wuyan kwalba kore, ya sha goga.
Ƙarfe uku na dare, in na zo zagaye,
nakan tarar ya zura shi a ɗan ƙaramin yatsa
yana ja a ƙarfen gado, a hankali,
don kada ya ta da na kusa.