Shawarar Kan Matakala

Ruwa ne ya tsare mu a matakalar sashen gaggawa,
irin ruwan Jos mai zuwa da ƙanƙara.
Shayina ya huce, makullin mota na hannuna.
Dachollom ya ce, "Dakta Habsatu, minti ɗaya.
Wani dattijo ne daga Bukuru,
ƙafa ta kumbura, numfashi sama-sama.
In ƙara masa maganin fitsari?"
Na ce, "Ƙara."
Ruwa ya ɗauke, na wuce Farin Gada sayen dankali.

Ban ga ƙafar ba.
Ban ga sakamakon gwajin ƙoda ba.
Bai ce akwai ba, ban tambaya ba.

Bayan wata huɗu wasiƙa ta zo da hatimi,
ɗan dattijon ya ɗauki lauya.
Gaban kwamiti aka buɗe fayil, shafi na sha ɗaya,
ga rubutun Dachollom kamar sawun kaza:
"An tuntuɓi Dakta Habsatu, ta amince."
Ashe maganar da na yar a matakala
an tsince ta, an kakkaɓe, an sa mata kwanan wata.

Lauya ya ce, "Majiyyacinki ne?"
Na ce a'a.
"To wa ya ce a ƙara?"
Fanka na ta juyawa.
Dachollom na kallon takalminsa,
shi da ya riƙe min tocila daren da janareta ya mutu
muna ɗinke goshin wani yaro.

Dattijon ya rayu, wankin ƙoda sau biyu a mako.
Ni na fito da gargaɗi a rubuce,
da barcin da ya koma rabi.

Har yau ana tare ni,
a layin abinci, a wurin ajiye mota,
a waya ƙarfe ɗaya na dare.
Ban ɗinke bakina ba, rowar sani ba ta warkar da kowa.
Sai dai nakan fara da cewa,
"Ban gan shi ba.
Abin da zan faɗa na littafi ne, ba na wannan gadon ba.
In kana son sunana a fayil, rubuto min,
in zo in ɗora hannuna a cikinsa."
Wasu sun ce na cika tsauri. To.

Jiya Dachollom ya aiko da takarda:
suna, lambar gado, sa hannu.
Na hau matakalar nan ban tsaya ba.
Na tarar ya buɗe fayil,
ya ja min kujera kusa da majiyyaciyar.