Rubutu a Ƙirjin Tukunya

Daren Talata tukunyar ruwan zafi ta fara kuka,
ɗis, ɗis, a kan simintin ɗakin ƙasa.
Da asuba na sauka da tocila,
na tarar ruwa mai launin tsatsa
ya kewaye ƙafafunta kamar ya zo gaisuwa.
Waje kuwa Duluth ta daskare,
tabki ya yi fari fat, jiragen ruwa sun kwanta sai bazara.

A ƙirjinta akwai rubutun babana,
baƙin alƙalami, haruffa a karkace:
Arvid ya ɗaura, watan Maris.
Shekarar ta goge.
Shi ma ya goge, bara, a wannan watan.

Mai gyara ya ce sai nan da kwana tara,
ya faɗi kuɗin da ya zaunar da ni a kan matakala.
Na ce to. Na ajiye waya.
Na buɗe akwatin ƙarfen da ban taɓa ba tun jana'iza.
Sifana biyu, ɗaya ta sha hannu har tana sheƙi.

Gas ne farko. Kullum gas ne farko,
haka yake faɗi, ko ba a tambaye shi ba.
Na juya makunni ya gicciye bututu,
na tsaya, na shaƙa, na sake shaƙa.
Ba komai sai warin danshi da tsohon fenti.
Sannan ruwa. Na ɗaura tiyo zuwa magudana,
ta yi ta amai awa guda cur,
laka da tsakuwa,
ragowar shekarun da muka yi wanka ba mu gode mata ba.

Noti ɗaya ya ƙi.
Na roƙe shi, na zage shi,
na ba shi mai, na ba shi lokaci,
ya saki ba zato, ya tafi da fatar yatsana.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.
Na ƙwanƙwasa wa Marjatta, maƙwabciyata,
wadda ta yi shekara talatin tana walda a tashar jiragen ruwa.
Muka hau da tsohuwar, matakala goma sha uku,
muka sauko da sabuwar, tana haki, ina haki.
Ta ce, "Solveig, wannan ta fi waccan gajarta da taƙi guda."
Gaskiyarta. Bututun hayaƙi bai kai ba.
Sau uku na je kantin kayan gini ran nan,
har yaron kanti ya fara kiran sunana.

Na cika ta da ruwa tukuna, famfon sama a buɗe
yana tari, yana tofi, har muryarsa ta daidaita.
Sai na buɗe gas.
Na kaɗa sabulu a kofin shayi,
na shafa wa kowace gaɓa da burushin haƙori.
Muka yi tsit.
Kumfa ɗaya ta tashi, 'yar ƙarama kamar idon kifi.
Na rufe, na kwance, na sake naɗi, na ɗaure.
Wannan karon gaɓar ta riƙe bakinta.

Na durƙusa, kumatu a kan siminti,
na danna, ƙas, ƙas, ƙas,
a na huɗu sai ga shi:
harshen wuta shuɗi, bai kai ƙwayar wake ba.
Marjatta ta ƙyasta ashana ta hure,
hayaƙin ya bi bututu ya hau, bai waiwaye mu ba.
"Jibi mai dubawa na gari zai zo," in ji ta,
"bar shi ya gani da idonsa, ba a wasa da abin da ba ya ganuwa."

Da dare ruwan zafi ya sauko mini a kafaɗa,
yatsan yana zugi, na bar shi ya yi.
Na sauka ƙasa gashina a jiƙe, alƙalami a hannu.
Na rubuta sunana, da wata, da shekara.
A kan shekarar na danna sosai,
har sau biyu.