Hancin Motar Baba

Kwana tara ta yi a garejin Zabeiru, bayan tashar Tawa,
ta fito shuɗiya shar, kamar an tsamo ta daga marina.
Sau uku na kewaye ta ban taɓa ba,
tafin hannuna duk gumi.

Zabeiru ya ce, "Kar ka hau hanyar Keita da ita tsirara.
Tsakuwa ba ta san sabon fenti ba,
ba ta san sabo ba."

Ya warware leda daga cikin kwali,
garau, kamar ruwan randa da asuba.
Ya fesa ruwan sabulu, ya shimfiɗa ta a hancin motar,
yana korar kumfa da ɗan katin roba
daga tsakiya zuwa gefe, sannu sannu,
irin shafar da ake wa bayan jinjiri.
Ya hana yaronsa tari, ni ya hana ni magana.
"In gashi ɗaya ya faɗa ƙarƙashi, ya samu gida."

Na zauna kan tsohuwar taya ina kallo.

Shekara ashirin da shida Baba ya ja motar nan,
kuma babu tabon da bai san sunansa ba.
Yakan ɗora yatsa ya ce,
wannan babbar motar albasa ce ta watso min, kusa da Galmi.
Wannan kuwa daren da aka haife ka ne,
ina gudu da uwarka, ban ga ramin Badagishiri ba.
Duk na biya an goge,
jika a kan jika.

Ran Lahadi na ɗauki hanya.
Kafin Tamaske na ji ƙwas!
Na taka birki, na fito da gudu,
na shafa wurin da babban yatsa.
Sumul.
Na yi dariya ni kaɗai a bakin hanya,
sai dariyar ta tsaya min a wuya.
Ɗana zai gaji mota mai kyau
wadda ba ta da abin faɗa masa.

Amma ledar ba ta kai ba, ka san.
Ta gaza da faɗin yatsa huɗu
ƙarƙashin fitilar hagu.
Zabeiru ya ce in dawo Alhamis,
sabon naɗi na tafe daga Yamai.

Alhamis uku ke nan.
Jiya ma ya aiko yaronsa.