Akushin Ƙirya

Shekara talatin da biyar ina riƙe da biro
a ofishin haraji na ƙaramar hukuma,
har tafina ya yi laushi kamar na jinjiri.
Da aka sallame ni da agogon bango da takardar yabo,
sai na dawo ƙauye, na tare a dakali,
ina ƙirga awakin maƙwabta
don kada lissafi ya tsere mini.

Cikin marka, da tsakar dare,
ƙiryar bayan gidanmu ta kwanta,
wadda mahaifina ke ɗaure jakinsa a gindinta.
Kafin hantsi masu gawayi sun iso da tayinsu.
Na ce a'a. Ni kaina ban san dalili ba.

Baba Cindo na ƙarƙashin durumi, bakin kasuwar Gujungu,
ɓawon itace ya rufe masa idon sawu.
Ya juya hannuna, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi:
"Akawu, gizago ba ya karɓar na goro.
Ka zo gobe da tsohuwar riga."

Wata uku babu abin da na sassaƙa sai yatsana.
Bororo ya fashe, kanta ta gaje shi.
"Kada ka sari itace kamar kana binsa bashi.
Dubi inda jijiya ta dosa, ka bi ta a hankali.
Ƙirya ta riga ka zuwa duniya,
ba za ta yi maka sauri ba."

Muciyata ta fari ta fito a karkace, da ƙusumbi.
Tabawa ta ɗaga ta, ta dube ni, ta dube ta:
"Wannan sai dai korar kaji."
Amma ta ajiye ta a bakin madafa.

Sannan na shiga zuciyar ƙiryar.
Na rarake, na kankare, na huta, na koma,
kwana arba'in ina tofar da gari mai ɗaci.
Na zana masa baki da jan ƙarfe,
na shafe shi da man kaɗanya har ya yi baƙi wuluk.
A gefe guda akwai gurbin da igiyar jaki ta ci.
Baba ya ce in goge. Ban goge ba.

Da aka kira baje kolin sana'o'in hannu a Dutse
sai ga ni bayan tebur, da lamba a ƙirji,
iska na ɗage farin ƙyalle,
na danne shi da karkatacciyar muciya.
Wani mai gilashi ya fito daga doguwar mota,
ya shafa akushin, ya ce dubu arba'in,
zai kafa shi a bangon falo, fitila na haska shi.

Dubu arba'in! Taki buhu guda ya gilma mini a ido.
Sai na ji muryar tsohon kamar yana bayana:
"Akushin da bai ga tuwo ba, gungume ne mai rami."
Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan yana da mai shi."
Ya yi tsaki, ya waiga, idonsa ya faɗa kan muciya.
"To wannan fa? Ai nan fasahar take!"
Ya ƙirgo dubu biyar, sababbi fil.

Tabawa ta yi dariya har da riƙe ƙugu,
sannan ta ɓata rai: "To, da me zan kori kajin?"

Yanzu duk Alhamis yara uku na zuwa zaure:
Nafi'u, Talle, da wani ɗan Fulani mai hannun hagu.
Ina duba tafinsu, ina danne dariya.
In an yi magariba a zubo tuwon dawa da miyar kuka,
mu kewaye akushin mu huɗu.
Ni kullum ta gefen gurbin igiya nake sa hannu.