Abin da Zan Fara Saka Mata

Ran Alhamis na shigo da ita layinmu,
tsohuwar jif, ruwan toka, mai ja da ƙafa huɗu.
Shekara shida ina tara mata a asusu.
Yaran Unguwar Sanusi suka bi ta da ihu,
Saratu ta leƙo ta taga, ta ce,
"To likita, an sayi doki. Saura linzami."

Abin da ya rage a aljihuna
bai kai a faɗe shi da babbar murya ba.
Na naɗe shi a leda, na nufi Panteka ran Asabar.

Talle mai walda ya ɗage baƙin tabarau,
ya zagaye ta sau biyu kamar mai tayin sa.
"Ƙarfen gaba za ka fara, mai kauri,
ko saniya ka ture ba za ta lotsa ba."
Na ce, ni da ke bin shanu da allura,
me ya haɗa ni da ture su?

Chidubem ya jawo ni rumfarsa:
fitilu shida a jere a kan rufi,
wai dare zai ji kunya ya koma gida.
Wani ya kawo bututun numfashi,
ya ce da shi sai ta ratsa kogi tana dariya.
Ƙanena Lawandi, da ko sisi bai ba ni ba,
shi baƙin gilashi yake so, da lasifika,
don a san mun iso tun daga Kawo.

Kowa da bakinsa.
Kuɗin kuwa nawa ne, kuma ba su da yawa.

Na zauna a kan wani mataccen inji,
na sayi gyaɗa ta hamsin,
sai watan Agustan bara ya zo ya zauna kusa da ni.
Hanyar bayan Kauru, jar laka har gwiwa,
motar aro ta kafe a bakin rafi,
tayoyinta sumul kamar tafin jariri,
suna juyi, suna juyi, ba sa zuwa ko'ina.
Ƙanƙarar cikin kula ta narke kafin la'asar.
Maganin garke uku ya lalace a hannuna.
Da na isa ruga a ƙafa, da duhu,
Jauro Bappate bai yi mini faɗa ba.
Ya dai nuna mini maraƙi huɗu a kwance,
ya ce a kawo wa baƙo nono.
Da ya zage ni, da na fi samun barci.

Na karkaɗe ɓawon gyaɗa, na tashi.

Tayoyi huɗu masu manyan haƙora,
ta biyar kwance ce, amma da sauran rai.
Shokozoba biyu na baya, don na gaba za su jira albashi.
Ɗan firji mai shan wuta daga batir,
wanda zai zauna inda Lawandi ya so lasifika.
Canjin da ya saura
ya sayi shebur, da igiya mai kaurin damtse.

Talle ya taɓe baki: "Ai ba wanda zai san an taɓa ta."
Na ce laka za ta sani.

Da yamma na biyo ta gadar kogi,
sababbin tayoyi na gurnani a kan kwalta
kamar ba su ji daɗin gari ba.
Hadari ya haɗo ta kudu.
Saratu ta fito, ta duba gaba, ta duba sama,
ba ƙarfe, ba fitila.
Ta buɗe baya, ta ga firjin,
ta sa hannu ta ji sanyinsa,
ta ce, "Litinin za ka tafi ke nan?"
Na ce Litinin, in Allah ya kai mu.
Ta ce, "To ka taho mana da man shanu."