Layinmu Ya Buɗe Ido

Shekara uku shagona na hamma,
ni da almakashi muna gadin hanya.
Kowa ya bi ta Ƙofar Ƙaura
inda gilasai ke sheƙi.

Sai Tsalha mai faci ya kira taro gindin dalbejiya.
Kowa ya jefa ɗari biyar a faifai,
har Tabawa mai ƙosai ta kwance bakin zane.
Samari suka yashe kwata,
aka jawo waya daga injin Bawale,
ƙwan lantarki arba'in, biyu sun ƙi kamawa.

Daren Asabar, bayan lisha,
dukawa suka baje takalma,
ƙamshin tsire ya haura katanga
ya taso mutanen Rafin Daɗi.
Yara na langa ƙofar kantin da aka rufe bara,
mai kantin na tsaye yana laluben makulli.

Kafaɗa goma sha ɗaya na auna daren nan.
Tabawa ta kife kasko tun kafin goma,
tana faɗa tana dariya, wai mun ja mata aiki.

Wani baƙo ya ce, nan ina ne?
Da can sai in ce bayan kasuwa.
Ran nan na gyara zaman hula,
na nuna masa Gobarau tana leƙenmu:
nan ne cikin gari, Malam,
zauna a haɗa maka shayi.

Da asuba na iske Tsalha riƙe da tsintsiya.
Ba wanda ya aike shi.