Yatsa na Shida

A zauren Baba Cindo, bayan Ƙofar Marusa,
na fara jan izga.
Goge ya yi kukan ƙyauren da bai ga mai ba,
akuyar maƙwabta ta amsa.

"Ba zarto ba ne. Saki kafaɗa.
Wuyan hannu ke tafiya,
gwiwar hannu 'yar rakiya ce.
Shafa ƙaro. Gyara jaki, ya karkace."

Hagu kuwa ta ƙi ni.
Manuniya na sauka da wuri,
autan yatsa ya toge sama
kamar baƙon da ba a amsa wa sallama ba.

"Tsagiya ba a danne ta.
Taɓa ta
kamar kana jin zafin goshin jariri."

Wata uku ina kan take ɗaya.
Na ce, "Ai kai yatsunka shida."
Ya nuna min tabo:
"Da tsagiya wanzami ya ɗaure shi
tun kafin suna."
Sai ya ja min kunne.
"Ga naka nan."

Jiya bayan isha
gaɓar da ke kubce min ta zauna.
Baba bai tanka ba,
amma na ga ƙafarsa
tana buga tabarma.